Lambobi a Damtsen 'Yata

A farkon Yuni, 'yata mai shekara tara ko bangon wurin iyo ba ta yarda ta saki. Kafin ƙarshen Yuli, duk yaran ƙungiyarsu ta iyo mai suna Glenwood babu mai kamo ta. Kowace ranar gasa, kocinsu kan rubuta mata lambobin tserenta a damtse da baƙar tawada.

Sai wata Hajiya ta tare ni a gidan suna ta ce, "Yarinya ta tasa, kin bar ta tsirara gaban maza?" Ni kuma wawiya, a satin na cire ta daga ƙungiyar.

Ba ta yi kuka ba. Ranar gasa sai ta rubuta lambobin da kanta, ta zauna a falo. Hajiyar kuwa har yau ko sunan yarinyar ba ta sani ba.