Hotunan Inna da Suka Fito Dishi-dishi

Kawuna ya shekara talatin yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago mai shuɗin labule. Rabin unguwa sun zauna a bencinsa, amma matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa tsaya masa ba. Da ta ga kyamara sai ta kau da kai tana dariya, shi ya sa hotunanta duk suka fito dishi-dishi. Tun da ta rasu, su yake buɗewa a kwamfuta kullum da hantsi.

Babban ɗansa ya zo hutu, ya ce hotunan sun cakuɗe, zai gyara. Ya ware su shekara-shekara, ya goge duk wanda bai fito tas ba. Sannan ya share filashin da Kawu ke ajiye kwafi, ya zuba gyararrun a ciki.

Washegari Kawu ya duba kwamfuta, ya duba filashi, babu Inna.

"Ina hotunan Innarku?" ya tambaya.

Ɗan yana ɗaure takalmi ya ce, "Waɗancan ɓatattun? Baba, shekara talatin kana sana'a, ka kasa ɗaukar matarka hoto ɗaya na kirki. Ai asiri na rufa maka."

Har yau in na je gaida Kawu, sai ya buɗe hoton wani taro, ya nuna mini hannun wata mata a can gefe, ya ce yana jin nata ne.