Hannun Daman Tacho

Duk wanda Tacho ya taɓa tsamowa daga teku a wannan gaɓa ta Oaxaca, a ƙasar Meziko, da karkataccen hanci za ka gane shi. Eustaquio ne sunansa na baftisma, amma ko matarsa Herlinda ta manta da shi. Gajeren masunci ne, wuya kamar turmi, wanda ya ajiye taru ya rataya usur ba tare da kowa ya ɗauke shi aikin ceto ba. Dalili kuwa ƙanensa Fidencio. Yaron nan ya shiga ceton wani baƙo da zuciya ɗaya, baƙon ya maƙale masa a wuya don tsoro, washegari aka tsamo gawarwakinsu tare, har lokacin a rungume. Tun daga ranar Tacho ba ya lallashin mai nutsewa. Naushi ɗaya a hanci, mutum ya yi laushi, sannan ya jawo shi da gashi zuwa tudu.

"Wata rana sai sun kashe ka, tsoho," in ji Herlinda, tana juya kifi a rumfarta.

"To, su fara fitowa da rai tukuna."

Makon Ista shi ne masifarsa. Mutanen birni su cika motoci su zo, su kwanta a rana har fatarsu ta saɓule, su ɗirki giya ba ruwa, su cika ciki da ɗanyen jatan lande, sannan su ce teku za su. Tacho ya busa usur har muƙamuƙinsa ya yi tsami. Wa ya kula shi!

Ranar Asabar ta wani makon Ista, wani dattijo mai tumbi daga birnin Puebla, Don Anselmo, ya wuce jar tutar gargaɗi da kwalba a hannu.

"Yallaɓai, nan ruwan yana ja. Koma can gefen duwatsu."

"Kai, ɗan tsurut, ina iyo tun ba ka daina fitsarin kwance ba!"

'Ya'yansa biyu, ƙarti majiya ƙarfi, suka kwashe da dariya a ƙarƙashin laima. Ba a jima ba ruwa ya kwashi uban kamar tsumma. Tacho ya faɗa, ya cim masa, dattijon ya kawo hannu zai cafki wuyansa, shi kuwa ya sakar masa dama a tsakiyar fuska. Daga bakin gaɓa abin da 'ya'yan suka gani ke nan: wani baƙin masunci ya naushi ubansu, ya kuma jawo shi da gashi, jini na bin ruwa.

Da suka iso tudu Don Anselmo ba ya numfashi. Tacho ya durƙusa a rairayi, ya ɗora hannu biyu a ƙirjinsa, ya fara dannawa. Ya san in ya ɗaga hannun nan, mutumin ya tafi ke nan.

Babban ɗan, Rigoberto, shi ya fara. Ya rotsa masa kwalba a ƙeya.

"Sake shi, shege! Ka kashe mana uba, yanzu kuma haƙarƙarinsa za ka karya?"

Ƙaramin ya zuba masa ƙafa a ciki. Jini ya gangaro wa Tacho cikin ido, ya ɗiga a tumbin dattijon. Mutumin da duk gaɓar nan ke tsoron hannunsa, ga shi ana jibgarsa kamar jaki, bai ko kare kansa ba. Ransa ya ɓaci, wallahi ya so ya miƙe ya zubar wa yaron nan haƙora. Amma ya sunkuya ya hura wa uban iska a baki, ya ci gaba da dannawa.

"Ku dake ni, amma ku matsa, kuna tare masa iska," abin da ya iya faɗa ke nan.

Sai Rigoberto ya tumɓuke ƙarfen laima ya sauke masa a bayan hannun dama. Ƙarar ƙashin har rumfunan kifi an ji ta. Tacho ya yi wani irin gurnani, ya janye hannun, ya dasa na hagu shi kaɗai, ya ɗora duk nauyinsa a kai.

Nan Herlinda ta iso da kaskon suya, mai na tafarfasa.

"Wanda ya ƙara taɓa shi, uwarsa ma ba za ta gane fuskarsa ba! Ku gwada ni, 'yan iska!"

Suka ja da baya. Don Anselmo ya yi tari, ya amayar da ruwan gishiri da giya da jatan lande a cinyar Tacho.

Ɗakin shan magani na ƙauyen a kulle yake, nas ta tafi biki garinsu. A bayan motar mai sayar da ƙanƙara aka kwantar da su biyun gefe da gefe, aka nufi asibitin gari. Can kuma ba masaka tsinke, daga waɗanda rana ta kayar sai masu gudawa har a baranda, likita ɗaya tal. Aka shige da dattijon. Tacho ya zauna a benci, hannu cikin bokitin ƙanƙara, har ya kumbura ya yi baƙi. Ko da layi ya zo kansa, ɗauri kawai aka iya yi masa.

Don Anselmo ya koma Puebla da ransa, yana ba da labarin ɗan daban da ya fasa masa hanci. Yatsun Tacho kuwa ba su ƙara dunƙulewa ba, ko cokali sai Herlinda ta saƙala masa. Ta yi kuka, ta ɓoye usur ɗin cikin tukunyar wake, ta ce an gama.

Da azumin Ista ya sake kamawa, sai ta riƙa jin wani tim, tim a bayan rumfa. Ta leƙa. Ya rataye buhun rairayi a jikin kwakwa, yana dukansa da hagu, fatar yatsun duk ta saɓe.

"Tsoho, don Allah. Me kuma ya rage maka?"

Bai juyo ba.

"Hagun nan ba ta iya sumar da mutum tukuna," ya ce, "ga mutanen birni kuma sun kusa zuwa."