Malama Taɓa da Takalman Ƙofar Aji

Kafin mai gadi ya gama sharar harabar makaranta Malama Taɓa ta iso, jakarta na kacau-kacau da marafan kwalba. Ba ta zama. Kujerar da aka ajiye mata a ajin ƙanana, jakunkunan yara ne ke hutawa a kai. Sunan ma yaran ne suka laƙa mata, domin duk wanda ya ɗaga kai sama yana rera ɗaya, biyu, uku kamar waƙa, sai ta kamo yatsansa ta ɗora kan marfi: "Taɓa ka ƙirga, malam! Baki kaɗai ba ya lissafi."

Ajin da shimfiɗa, a ƙofa ake tuɓe takalma, su ma ba ta bar su sun huta ba. In an tashi, kowa ya tsaya gaban nasa, ta tambaya, "Ƙafa ta fi yawa ko takalmi?" Su kwashe da ihu, "Daidai!"

Zangon da ya wuce shi ne na ƙarshe gare ta, gwiwa ta ce ta gaji. Amma ina hutu? Hankalinta ya ƙi kwanciya a kan 'yar wani direba, yarinyar da ake kira Shiru-shiru, wadda daga huɗu sai ta tsallaka zuwa bakwai ta sunkuyar da kai. Uban ya zo har ƙofar aji. "Malama, ɗan maƙwabcina yana kai ɗari bai numfasa ba, tawa kullum wasan takalmi. In aka yi hutu ba ta kai ashirin ba, ta zauna gida sai ta ƙara wayo." Malama ta san irin wannan zaman gida, ba kasafai ake dawowa daga shi ba. Ga shi kuma baɗi ba ta nan balle ta je roƙo.

Ta gwada wake, ta gwada tsakuwa, ta gwada tafi. Ko a gida, 'yarta ta ce tana tsaka da girki sai a ji ta tana jera cokula. Malamar ajin kusa ta ce, "Yaya, don Allah ki zauna, jiri kike sa ni." Ta ce, "Na kusa zaman da zai ishe ni."

Ranar hutu ta zo, Shiru-shiru ba ta wuce tara ba. Iyaye suka yanyame Malama da ban kwana, yara suka watse ba wanda ya jira tambayar ƙofa. Mai gadi ya jawo ƙyauren aji, kwaɗo a hannu, ya ture wasu 'yan takalma da ƙafa yana mitar mantuwar yara. Direba na jan 'yarsa, ta cije ta ƙi tafiya.

"Malama," ta ce, murya can ƙasa, "takalmi ya fi ƙafa yawa."

Malama ta dubi takalman da mai su bai fito ba, ta yi wa mai gadi ihu. "Baba, kar ka rufe!" Ta manta da gwiwa, ta faɗa ajin. Bayan kabad ta tarar da autan wani tela, ya shiga wasan ɓuya barci ya kwashe shi. Yayarsa ta ɗauka ya bi maƙwabta. Innalillahi! Saura ƙiris a kulle shi ciki, makaranta ta zama ba kowa.

Direba ya durƙusa gaban takalman ya ce, "Nawa ne, uwata?" Yarinyar ta sa yatsa ta taɓa. "Ɗaya. Biyu."

"Malama," in ji shi, "ashirin ɗin ma ta zo a hankali."

Ke ce, Malama, da kika ƙi yarda yaro ya faɗi lambar da hannunsa bai taɓa ba. Uwar ƙanana, mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma malamai da iyaye, ku rage tafa wa mai rera ɗari, ku durƙusa ku kama yatsan mai tsallake biyar.

An koma makaranta makon jiya. Malama tana gida, sai leƙen titi take ta taga, ta kasa zama. A gaya mata ta kwantar da hankalinta: takalman Shiru-shiru suna ƙofar aji.