Zanen gawayi a bangon Malam

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam, ladanin masallacin unguwarmu a Kusada. Mutane na tambayata ko har yanzu ina kuka. Ba na yi. Abin ya zauna mani ne kurum kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka ji kamar ba taka ba.

Ciwon ya fara mashi bayan girbin dawa. Kafaɗar dama ta riƙe, sa riga ya zama aiki, hula ma da hagu yake ɗorawa. Duk wannan bai dame shi ba kamar kiran salla. Shekara talatin yana kai hannu biyu kunne, sai ga shi yana kira da hannu ɗaya, ɗayan a rataye. Ni da ke cikin gida ina jin bambancin a muryar, ba ta kai inda ta saba kaiwa.

A nan na yi kuskurena, kuma don tausayi na yi shi. Na ɗauko ɗankwalina na ɗaure mashi hannun a ƙirji, yadda na ga ana yi wa mai karaya. Na hana shi ɗaukar ko buta. Wanzami ya zo ya yi ƙaho, muka shafa man shanu, na sake ɗaurewa. Wata uku muna haka.

Da muka je asibiti a Kankiya, aka tura mu wurin wata likitar gashin ƙashi. Ta kwance ɗankwalin, ta ɗaga hannun, ya tsaya cak kafin ya kai tsayin kafaɗa. Ta tambayi wanda ya ɗaure. Kafin in buɗe baki Malam ya ce shi ne ya sa a yi. Ta ce ba karaya ba ce, kafaɗar ce ta ƙage, kuma irin wannan hutu ne ke ƙara ƙage ta. Ta koya mashi ya gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, ya riƙe ƙotar fartanya da hannu biyu yana turawa sama, sannan ya fuskanci bango yana hawa da yatsu kamar gizo-gizo, inda ya tsaya a sa alama.

A kan babur muna komawa na ce mashi ai ƙarya ya yi wa likita. Ya ce, "Ke kika ɗaure, ni na miƙa hannun. Rabi da rabi ne, uwargida."

Kullum bayan la'asar yana hawan bango, ni ina riƙe da gawayi. Wani makon zane ya ƙaru da yatsa biyu, wani makon ba ya gusawa. Zane goma sha tara muka yi. Hannun ya fara taɓa leɓatun kunne ke nan ciwon sugansa ya tashi, kwana shida aka yi, Allah ya karɓi abinsa. Wata ukun nan da na cinye mashi da ɗankwali, da sun isa ya yi kira da hannu biyu. Na sha lissafa wannan, ba ya canzawa.

Yanzu masallacin na da lasifika mai aiki da hasken rana, sabon ladan hannunsa ɗaya na riƙe da abin magana. Da Malam na nan da ya yi dariya ya ce ashe shi ya fara yayin.

Bana tawa kafaɗar ta fara riƙewa. Ɗiyata Hadiza ta zo da gyale za ta ɗaure mani, na ce ta mayar. Na koma Kankiya, aka ba ni irin aikin da aka ba shi, ina yi a bangon nan nasa. Sai ga babban ɗana Sani da buhunan siminti, wai zai yaɓe ɗakin kafin damina. Na hana, don zanen Malam na nan a bangon.

Ya ce, "Inna, gawayi ne fa kawai."

Na ce mashi ya bari sai yatsuna sun kai zane na sama. Ya yarda. Ina kan zane na huɗu yanzu. Sani bai auna ba, amma Malam, Allah ya jiƙan shi, ya fi ni tsawo da taƙi biyu.