Koriyar Ƙofa a Bayan Masallaci

Har gobe ban manta da ranar da muka bi sawun buhun albasa daga Khartoum zuwa unguwar Alsawra da ke Omdurman, tsallaken kogi, ba. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai shafin intanet na sayar da kayan miya, kafin yaƙi ya tarwatsa mu. Ka yi oda, direban raksha, wato babur mai ƙafa uku, ya kawo maka har gida.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, muna da gwaje-gwaje masu tafiyar da kansu. Da safe kwamfuta za ta ɗauko mai saye na bogi ta yi masa odar albasa, da azahar ta duba ko odar ta soke kanta tunda ba a kai ba. In ta soku, kore. In ba haka ba, ja. Sakina ce ta rubuta wannan gwajin, ga shi ba a tabbatar da ita a aiki ba tukuna. Gwajin kuwa kamar mai iskoki, yau kore, gobe ja.

Shugabanmu, Ustaz Bashir, mutum ne da bai taɓa kuskure ba, in ji shi. Ya tsaya a kanta ya ce, "Ya Sakina, in Alhamis ta yi gwajin nan bai zauna ba, ma'alesh, ki yi haƙuri, sai mu nemi wani."

Ta ba ni tausayi, sai na sa hannu. Na tarar duk ranar da ya yi ja, an danna "an kai". Wanda ke dannawa kuwa direbanmu ne na gaske, Baba Idrisu ɗan unguwar Umbadda. Ashe hanyar da ke tura oda zuwa wayoyin direbobi a buɗe take, har odar bogin na bi ta wuce. To wa ke karɓar albasar mutumin da babu shi? Na duba adireshin bogin: "Alsawra, bayan masallaci, koriyar ƙofa, gaban bishiyar dalbejiya." Ustaz da kansa ya ƙirƙiro shi tun kafa kamfanin.

Shaiɗan ya raya mini in kunyata shi, sai na ɓoye abin da na gano. Na ce wa Ustaz wata babbar mai saye ce ke son ganin shugaba ido da ido. Ya gyara rawani, muka shiga rakshar Baba Idrisu.

A kan gada na tambayi tsohon yadda ya gano gidan. Ya ce, "Ya zol, ɗan'uwa, a Omdurman direba ya ce bai ga gida ba? Ai abin kunya ne. Hara-hara, unguwa bayan unguwa, na bi ina tambaya. Duk ranar da nake tsallaken Omdurman, sai na kai."

Ga masallaci, ga dalbejiya, ga koriyar ƙofa. Wata tsohuwa ta fito, kafin mu gama sallama an kawo ruwa, an ɗora shayi. Na karanta adireshin da ƙarfi, na ce, "Ustaz, wai wane gwani ne ya rubuta wannan?" Ya zaro ido, ni kuma ina danne dariya.

Sai tsohuwar ta ce, "Ɗana na Jidda ne ke aiko mini da albasar nan. Ya daɗe bai kira ba, amma kun gani, bai manta da ni ba."

Nan take dariyar ta ƙare mini. Ustaz ya ajiye kofinsa ya ce, "Hajja, ɗanki ɗan albarka ne."

A hanyar dawowa ya ce in rufe hanyar tura odar bogin nan yau-yau, Sakina kuma aikinta ya tabbata. Ya dafa kafaɗar Baba Idrisu. "Albasar kada ta yanke. Tana wuyana."

Tun ranar nake gaya wa ƙannenmu a sana'a: in gwaji ya yi ja, ku bi sawunsa kafin ku tuhumi mai shi. Kuma kada ku ƙirƙiri adireshi a Omdurman, don akwai wadda ke zaune a bayan ƙofar tana jira.