Rantsuwa Biyu a Kan Talata Ɗaya

Ban manta da Talatar nan ba, kuma ba na jin zan manta. A shekarar da iskar farkon damina ta yaye rufin siton Alhaji Mamudu ne, shekara ta biyu da shigata makarantar manya. Na rubuta wannan don ku ƙannena direbobi, ku san aikinmu ba riƙe sitiyari kaɗai ba ne.

Shekara goma sha tara ina tuƙa Alhaji. Babban ɗan kasuwa ne a Djougou, jikan fataken goro. A gidansu akwai doka tun zamanin ayari: ba a faɗin ranar tafiya, in kuma an matsa maka sai ka faɗi wata ranar daban. A da don 'yan fashi ake yi, yanzu don baki da ido. Ni kaina sai na tada mota sannan yake ce mini hagu ko dama.

Ɗansa Nasiru yana Bejin, babban birnin Sin, shekara bakwai bai zo gida ba. Ya yi aure can, an haifa masa ɗa, aka sa wa yaron sunan Alhaji. Alhaji ya ƙudura zai je ya ga takwaransa, amma ba wanda zai sani, har Nasirun.

Na kai shi Parakou, wurin wata Madam Rashida mai sayar da biyen jirgi, wato tikiti, a unguwar Titirou. Ina bakin ƙofa ina jinsu.

Madam ta ce, "Alhaji, ka sa ɗanka ya aiko takardar gayyata, biza ta fi sauƙi."

Ya ce, "In ya aiko ai ya sani ke nan."

"To wa zai tarbe ka a can?"

"Allah."

Ga wanda bai sani ba, in ba ka da mai gayyatarka, sai ka nuna otel ɗin da za ka sauka da wuraren da za ka kalla. Don haka Madam ta haɗa shi da 'yan yawon buɗe ido, kwana goma sha biyu. Ta karanta masa tsarin: rana ta farko tsohuwar fadar sarakuna, ta biyu wani tsohon masallaci, ta uku babbar ganuwa. Ya tambayi tsawon ganuwar. Ta ce ko wata guda ya yi yana tafiya ba zai ga ƙarshenta ba. Ya ce, "Mutanen nan sun san halin maƙwabta."

Da takardu suka fito, ni ya aika in karɓo. Ya ce mata a waya, "Ki ba Isa, shi takarda da ganyen goro duk ɗaya ne a wurinsa." Bai san ina zuwa makaranta ba, kunya ta hana ni faɗa masa. Kafin in tafi ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa akwai tafiya ba.

Malamarmu ta ce duk rubutun da muka gani mu gwada karanta shi. A hanyar komawa na tsaya a inuwa na buɗe ambulan. Na daɗe ina bin baƙaƙen da yatsa, amma na gane: Talata ta sama, daga Kotonu, da azahar.

Bayan kwana biyu wayata ta yi ƙara. Nasiru ne.

Ya ce, "Kawu Isa, ka rantse tukuna."

Na rantse, don tun yana yaro na san shi.

"Talata ta sama zan sauka Kotonu da matata da yaro. Ka yi dabara ka zo ka ɗauke mu. Kada Baba ya ji. Kai kaɗai na faɗa wa gaskiya."

Na ce, "Ba za ka bari sai wani watan ba?"

Ya ce biye ya riga ya fita.

Kwana uku ina yawo da rantsuwa biyu a ciki. Na je wurin limamin unguwarmu na ce, in mutum ya karya rantsuwa don alheri fa? Ya ce ya ciyar da miskinai goma, in ba hali ya yi azumi uku. Na ce to, azumi uku ba ya kisa.

Na fara da Nasiru. Na kira na ce, "Babanka yana zuwa Bejin ranar Talata."

Ya yi dariya. "Baba ne ya ce maka Talata? Kawu, shekara nawa kana gidanmu? Mutumin da ko Natitingou zai je sai ya ce Savalou!" Ya kashe waya.

Ran Litinin da safe Alhaji ya fito da akwati ya ce, "Kudu." Da muka yi nisa na rage gudu na ce, "Alhaji, ka yafe mini. Gobe Nasiru zai sauka Kotonu da iyalinsa."

Ya ce, "Wa ya ce maka?"

"Shi da bakinsa."

Alhaji ya gyara zama, fuskarsa cike da alfahari. "Ɗan da na haifa ba zai faɗa wa direba ranar gaskiya ba. In ya ce Talata, to ba Talata ba ce. Taka mota."

Na roƙe shi ya kira shi. Ya ce in ya kira, muryarsa za ta tona shi.

Washegari na kai shi filin jirgi, ya shige ciki da hularsa sabuwa. Jirgin da zai ɗauke shi ya sauka, ya zubar da waɗanda ya kawo. Ban daɗe da jira ba sai ga Nasiru da yaro a kafaɗa.

Ya ce, "Kawu! Ina Baba, yana lafiya?"

Na nuna masa sama, don daidai lokacin jirgin yake tashi. Sai ya zauna a kan akwatinsa.

Da Alhaji ya sauka Bejin, suka yi waya da Nasiru a gabana. Alhaji ya ce, "Ka jira ni, kwana goma sha biyu zan dawo." Nasiru ya ce, "Ba komai Baba, mako uku zan yi." Dukansu gaskiya suka faɗa, amma wa zai yarda? Nasiru ya ce mini tunda Baba ya ce zai dawo, zama zai yi, gara ya bi shi can. Alhaji kuma ya lissafa cewa tunda yaron ya ce mako uku, ya kusa barin gida, gara ya hanzarto. Kowa ya sauya biyensa a ɓoye.

Ran kwana na takwas na mayar da Nasiru da iyalinsa Kotonu. Na sha ruwa, na yi salla, ina shirin tada mota sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Alhaji ne, da jirgin wasa na roba a hannu.

Ya ce, "Madalla Isa, wa ya ce maka yau zan sauka? Ina takwarana?"

Na sake nuna sama.

Muka kama hanyar Djougou. Ya ce, "Ka faɗa mini, amma ba ka faɗa da ƙarfi ba." Na ce haka ne, Alhaji.

Abin da na koya shi ne, direba yana ɗaukar sirri fiye da kaya, kuma ba kowace gaskiya mai mota yake saya daga bakin direba ba. Yanzu wanda ya ce in rantse tukuna, sai in ce ya faɗi tukuna.

Ga abin da aka rasa. Nasiru ya rasa kwana goma sha uku na hutunsa. Alhaji ya rasa kwana biyar na yawonsa, da hula ɗaya da iska ta ɗauke a kan ganuwa. Mota ta rasa taya biyu a hanyar Kotonu. Ni na yi azumi shida. Takwaran Alhaji kuwa sai da ya yi haƙora sannan kakansa ya ɗauke shi.