Fes ɗin da ban shafa wa girafik ba

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya koya mini rubutun ajami a zaurensa na Gwangwan. Dokarsa ita ce duk shafin da ka kwafa, ba ka miƙa shi sai ka ɗora yatsa a kan kowane layi ka bi shi da na asali. In ya ce, "Ka yi bita?" ka amsa da e, sai ya karɓa ba tare da ya duba ba. A wurinsa, daga nan magana ta koma tsakaninka da Allah.

Gyaran kwamfuta kuwa da girmana na tsince shi. Maƙwabcina a Karaye yana da shagon gyara, ni kuma nakan zauna a inuwarsa bayan azahar. Ya lura hannuna ba ya rawa, sai ya riƙa ba ni ƙananan sukurori ina kwance masa. A nan na koyi shafa fes, wani abu mai ruwan toka da kauri kamar man goge baki. A cikin laftof akwai 'yan ƙwayoyi biyu masu ɗaukar zafi: furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, da girafik mai fitar da hoto a gilashi. Bututun jan ƙarfe yana kwance a kansu yana kai zafin wurin fanka, fes ne ke haɗa su da shi. Ana goge tsohon, a ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa a kan kowanne. Maƙwabcin nawa ba ya ɗaurewa sai ya sake ɗaga bututun ya ga fes ya bazu a kan duka biyun. Da ya koma Kano da shagonsa, ya bar mini sirinjin fes da sukundireba.

A lokacin ne idon Kawu ya fara tafiya. Likita bai ɓoye masa ba, ganin da ya rage masa na 'yan watanni ne. Burinsa shi ne ya sauke littafin da mahaifinsa ya rubuta da hannu, da idonsa, kafin duhu ya rufe shi. Baƙaƙen ƙanana ne ƙwarai. 'Yarsa mai koyarwa a Rogo ta ɗauki hoton shafukan ta zuba a tsohuwar laftof ɗinta, ta nuna masa yadda zai ƙara girman baƙi har ya kai tafin hannu. Yana cin shafi biyu a yini.

Da bazara ta yi tsanani, laftof ta fara ɗaukar zafi tana mutuwa. Kawu ya aiko in zo.

"Malamin sukuru, an iso? Ga 'yar taka nan tana zazzaɓi."

"Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Bari mu ga jikin nata."

"Ka bi ta a hankali. Saura shafi arba'in da 'yan kai."

Na shimfiɗa tabarma na buɗe ta a kan faranti. Tsohon fes ya bushe kamar laka. Na goge ƙwayoyin biyu da auduga har suka yi ƙyalli, na ɗiga sabo a kan furosesa. Sai aka kira la'asar. Na kifa bututun a kansu don kada datti ya faɗa, na riƙo hannun Kawu muka tafi masallaci. Da aka idar muka tarar da baƙi daga Zoza sun zo duba shi. Aka yi gaisuwa ta gida, ta gona, ta shanu, aka koma aka sake. Ko da na dawo, bututu yana zaune daram kamar aikin da aka gama, mai babur ɗin da zai mayar da ni kuma yana ta tayar da inji a ƙofa. Zuciyata ta ce in ɗaga in gani. Na ɗaure sukurori.

"Ka yi bita?" in ji Kawu.

"Na yi, Kawu."

Ya karɓa bai duba ba.

Kwana tara laftof ɗin ta yi tana aiki. Layuka suka fara ratsa gilashin, daga baya ya yi baƙi ƙirin. Ni na kai ta Kano wurin tsohon maƙwabcina. A gabana ya ɗaga bututun. Girafik yana nan fes-fes yadda na goge shi, ko ɗigo babu. Ya juyo gare ni.

"Malam, ka ba furosesa ya ci, ka bar girafik da azumi a wannan zafin. Ya ƙone. Sai an samo wani bodi, allon da ƙwayoyin ke kai."

Mako bakwai aka yi ana nema. An samu aron laftof ɗin makaranta, kwana biyu aka karɓe ta. Waya kuma ta yi masa ƙanƙanta. Ranar da na mayar da laftof ɗin Gwangwan, na ƙara girman baƙi har ɗaya ya cika gilashi. Kawu ya matso da fuskarsa, ya daɗe a haka.

"Haske nake gani kawai," ya ce. "Rufe ta."

Mutanen gida suka ce zafin bana ne ya kashe ta, kuma ai tsohuwa ce. Na bar su suna faɗin haka. Na fara zuwa kowace Alhamis ina karanta masa sauran shafukan, ana ta sa mini albarka, kowace albarka tana sauka a kaina kamar dutse. Na yi istigfari iyakar iyawata, amma na san haƙƙin ba na Allah kaɗai ba ne.

Sai da muka kai shafi uku na ƙarshe na iya buɗe baki. Na gaya masa komai, tun daga kiran salla har zuwa e ɗin da na amsa masa. Ya riƙa jan carbi har na ƙirga zagaye biyu.

"Da ka ce ba ka yi ba, da na sa mai babur ya jira," ya ce.

Bai ce ya yafe ba, ni kuma kunya ta hana ni roƙo a ranar, har yau ban roƙa ba.

"Ina muka tsaya?" ya ce. "Ɗora yatsanka a kan layin. Kada ka yi sauri, ba ni da idon da zan bi ka."

Na ɗora yatsa, na ci gaba da karantawa.